AGADAS: BIRNIN DA BAƘI SUKA RAYA, BAƘI SUKA BARI

Mai karatu, yau za mu ɗan ajiye labaran soyayya da na jarumta a gefe, mu hau hanyar arewa, mu wuce Damagaram, mu wuce Tanut, har mu isa Agadas, babban birnin ƙasar Abzin da ke Jamhuriyar Nijar. Abin da ya sa na zaɓi wannan gari shi ne wata magana da ake yawan maimaitawa a bakin hukumomi, cewa idan muka buɗe wuraren tarihinmu ga masu yawon buɗe ido, kuɗin da za su kawo zai isa ya riƙe wuraren, ya kuma ciyar da mutanen da ke zaune a gefensu. Maganar tana da daɗin ji. To amma akwai garin da ya gwada ta shekara da shekaru, ya ga daɗinta ya kuma ga ɗacinta, kuma garin nan ba bare ba ne a wurinmu, domin Hausa ce harshen kasuwarsa da titunansa. Ya kamata mu ji abin da ya same shi kafin mu ɗauki alƙawarin da ake yi mana.

GARIN DA AKA GINA A KAN HANYA

Agadas ta bunƙasa ne a ƙarni na 15 da na 16, lokacin da ƙabilun Abzinawa suka kafa sarauta guda wadda za ta riƙa sasanta tsakaninsu, sarkin kuma ya zauna a wannan wuri. Ƙabilun da suka zo suka zauna kowacce ta gina gidajenta a inda ta saba kafa tantunanta, shi ya sa har gobe tsohon garin yake da unguwanni 11 masu lunguna a karkace, ba irin layukan da bature ke ja da igiya ba. Garin ba shi da kogi mai gudu duk shekara, ba shi da gonakin da za su ciyar da shi. Arzikinsa hanya ce. Ayarin da ya taso daga Tarabulus da Gat zuwa Katsina da Kano nan yake yada zango, haka kuma ayarin raƙuman da ke keta Tenere zuwa Fashi da Bilma ɗauko gishiri da dabino, su kai ƙasar Hausa su musanya da gero da turkuɗin da ake rinawa a Kura.

Saboda muhimmancin baƙi a rayuwar garin, har sarauta guda aka yi domin su, wato Sarkin Turawa. Kada mai karatu ya ɗauka Turawan Faransa ake nufi. A wancan zamani fataken Larabawa ake kira Turawa, kuma aikin mai wannan sarauta shi ne kula da al'amuransu da karɓar kuɗin fito na kayansu. Ke nan tun farko mutanen Agadas sun san baƙo yana da amfani, sun kuma san dole a tsara yadda amfaninsa zai shiga aljihun gari.

A wajajen 1515, zamanin da Askiya Muhammadu na Songhai ya kawo garin ƙarƙashin ikonsa, aka gina babban masallacin da hasumiyarsa ta zama alamar Agadas. Mutanen gari suna danganta ginin da wani bawan Allah da ake kira Zakariya. An sake gina hasumiyar a 1844, tsawonta mita 27, kuma duk da ƙasa aka yi ta, babu dutse babu siminti. Itatuwan da ke fitowa daga jikinta kamar ƙaya ba ado ba ne kawai, su ne matakan da magina ke hawa idan lokacin yaɓe ya yi. A riƙe wannan a zuciya, domin za mu dawo kansa. Garin ya kuma yi suna da malamai. A nan ne Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya bi malaminsa Malam Jibrilu ɗan Umaru neman ilimi yana saurayi.

To amma hanya ba ta da amana. Bayan da sojojin Maroko suka rusa daular Songhai a 1591, cinikin zinariya da ya bi ta wannan yanki ya ja baya. Lokacin da matafiyin nan Bajamushe Heinrich Barth, wanda ya kira kansa Abdulkarim, ya shiga garin a watan Oktoban 1850, abin da ya tarar shi ne birni mai faɗi wanda gidajensa da yawa sun zama kangaye, mutanen da suka rage ba su kai su cika shi ba. Daga baya jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, kayan Turai suka koma shigowa ta teku, ayarin Tarabulus ya mutu. A ƙarshen 1916 Kawsan da Sarkin Abzin Tegama suka tayar wa Faransawa, suka kewaye barikinsu wajen wata uku, kuma da Faransawan suka ƙwace garin a watan Maris na 1917 sun yi kisa mai yawa, har da malamai. Wannan shi ne karo na farko da Agadas ta ga abin da ke faruwa idan masu wucewa suka daina wucewa.

ZUWAN MASU KYAMARA

Baƙi na biyu sun fara zuwa ne bayan samun mulkin kai. An fara haƙar yuraniyom a Arlit a farkon shekarun 1970, aka shimfiɗa kwalta daga Tawa zuwa can ta bi ta Agadas, ga kuma Turawa matasa da ke keto Sahara daga Aljeriya ta Tamanrasset a cikin tsofaffin motoci, su sayar da su a Nijar su hau jirgi su koma gida. A daidai wannan lokaci ne farin 1973 da na 1984 suka kashe dabbobin makiyaya, dubban mutanen da ba su san wata sana'a ba sai kiwo da jan raƙumi suka gangaro cikin gari hannu biyu. Abu ɗaya ya rage musu wanda bature ba shi da shi: sanin hamada. Sun san rijiyoyi, sun san taurari, sun san inda yashi ke haɗiye mota. Wannan sani shi ya zama jarinsu.

A ƙarshen 1978 wani Bafaranshe mai suna Thierry Sabine ya ƙirƙiro tseren motoci da babura daga Paris zuwa Dakar, kuma tun karon farko tseren ya bi ta Agadas. Shekara da shekaru garin ya zama babban zangon tseren, har a 1997 aka tsara shi daga Dakar zuwa Agadas a dawo Dakar. Gidajen talabijin na Turai suka nuna wa duniya hasumiyar da tudun yashin Tenere. Wani ɗan ƙasar Abzin, Mano Dayak, ya kafa kamfanin ja-gorar baƙi mai suna Temet, wanda ya zama abin koyi ga sauran da suka biyo baya, ya kuma taimaka wa mai shirya fim ɗan Italiya Bernardo Bertolucci wajen ɗaukar wani ɓangare na fim ɗinsa da ya fito a 1990. Gidan da ake dangantawa da Kawsan, wanda ke fuskantar masallacin, ya koma otal, baƙi suna hawa soronsa da yamma suna kallon hasumiya.

Ba ƙaramin alheri wannan ya kawo ba, kuma rashin adalci ne a musanta. Direbobi, masu dafa abinci, masu raƙuma, makanikai, duk sun samu abin yi daga farkon sanyi zuwa shigowar zafi. Maƙeran azurfa da ke ƙera shahararriyar sarƙar nan ta Agadas sun samu kasuwar da ta wuce ta gida, wasunsu har Turai suke kai kaya. Dukawa da mata masu saƙar tabarma da jakunkunan fata su ma sun ɗanɗana. Sai dai akwai ɓaraka biyu a jikin wannan arziki. Ta farko, baƙon iri ɗaya ne: Bature, yawanci Bafaranshe, mai zuwa a jirgi a 'yan watannin sanyi. Ta biyu, hamada ce ta kawo shi, garin kuwa mashiga ce kawai. Ya kwana ɗaya ko biyu, ya ɗauki hoton masallaci, ya sayi sarƙa, ya shiga mota ya nufi duwatsu. Kuɗinsa ya tafi ga mai mota da mai otal, amma tsohuwar da ke zaune a gidan ƙasa mai shekara ɗari biyu, wadda ƙofar gidanta aka ɗauka a hoto, babu abin da ya shigo hannunta na sayen azara ko biyan magini.

RANAR DA JIRGI BAI SAUKA BA

Hausawa sun ce baƙo raɓa ne. Bayan kashe-kashen Cintabaraden a watan Mayun 1990, tawayen Abzinawa ya ɓarke, kuma da yawa daga waɗanda suka san hamada saboda ja-gorar baƙi su ne suka ɗauki bindiga, har da shi Mano Dayak. Hukumar UNESCO ta sa gandun dajin Abzin da Tenere cikin jerin wuraren gadon duniya a 1991, shekara ɗaya tak bayan haka ta mayar da shi jerin waɗanda ke cikin haɗari, inda ya shafe fiye da shekara talatin. An sa hannu a yarjejeniyar zaman lafiya a watan Afrilun 1995, a watan Disamban shekarar kuma Mano Dayak ya rasu a haɗarin jirgin sama. Sunansa ne filin jirgin saman Agadas yake ɗauke da shi.

Baƙi sun dawo. Jiragen haya suka riƙa tasowa daga Faransa kai tsaye, a 1998 mai zanen tufafin nan Alphadi ya shirya bikin nuna kayan sawa na Afirka a hamadar Tigidit kusa da garin, mutane suka ci bashi suka sayi motoci, suka gina masaukai. Amma alamun rauni ba su ɓoyu ba. A watan Janairun 2000 masu shirya tseren motoci suka ji barazanar hari, suka kwashe motocinsu da jirage daga Yamai zuwa Libiya, suka tsallake arewacin Nijar gaba ɗaya. A watan Fabrairun 2007 tawaye na biyu ya tashi da harin Iferwan, aka dasa nakiyoyi a hanyoyi. An soke tseren a 2008, daga 2009 ya koma Kudancin Amurka, daga 2020 kuma Saudiyya. A watan Satumban 2010 aka sace ma'aikata bakwai a Arlit, biyar daga cikinsu Faransawa, gwamnatocin Turai suka shafa wa yankin jan launi a taswirarsu, ma'ana kada ɗan ƙasarsu ya je. Shi ke nan, kasuwa ta watse.

Abin da zai ba mai karatu mamaki shi ne, a cikin wannan hali ne garin ya samu babbar lambar yabonsa. Ranar 23 ga Mayun 2013 'yan ƙunar baƙin wake suka kai hari barikin soja na Agadas da mahaƙar Arlit. Wata ɗaya bayan haka, a taron da aka yi a birnin Phnom Penh na Kambodiya, UNESCO ta sa tsohon garin Agadas cikin jerin gadon duniya, da masallacinsa, da fadar sarki, da tsofaffin gidajensa masu zane a bango. Takardar shaida ta iso, baƙin da ake sa ran za ta jawo kuwa babu su.

Mutum ba zai zauna da yunwa yana jiran bature ba. Bayan faɗuwar Gaddafi a 2011 hanyar Libiya ta buɗe, direbobin da suka saba kai masu kyamara Tenere suka koma kai 'yan ci-rani daga ƙasashen Afirka ta Yamma zuwa Sabha. Wasu suka nufi Jado da aka gano zinariya a 2014. Waɗannan su ne baƙi na uku. Su ma ba su daɗe ba aka kafa doka a 2015 wadda ta haramta jigilarsu, bisa matsin lambar Tarayyar Turai, aka kama direbobi aka ƙwace motoci, sai a watan Nuwamban 2023 gwamnatin soja ta soke dokar. A 2025 kuma an sace wasu mata biyu 'yan Turai da suka daɗe da zama a cikin garin, abin da ya ƙara nesanta ranar dawowar masu yawon buɗe ido.

ABIN DA YA TSAYA

Yanzu mu tambayi kanmu: a cikin wannan shekara ɗari biyar, ayari ya zo ya wuce, masu tsere sun zo sun wuce, 'yan ci-rani suna zuwa suna wucewa, me ya sa hasumiyar ƙasa take tsaye? Amsar tana jikin itatuwan nan da na ce a riƙe a zuciya. Hasumiyar ta tsaya ne domin ana salla a ƙarƙashinta sau biyar a rana, kuma idan ta nemi gyara fadar sarki takan yi kira, magina su hau, jama'a su kwaɓa ƙasa su ɗebo ruwa. Gyaranta bai taɓa jiran kuɗin tikitin baƙo ba. Haka bikin Biyanu da ake yi a farkon watan Muharram, da taron makiyaya na shan gishirin dabbobi a Ingal kowane Satumba: ana yin su ko da bature ko babu, domin na masu su ne.

Gidajen talakawa na tsohon gari kuwa ba su da wannan gata. Ginin ƙasa yana son yaɓe a kai a kai, yana son a gyara indararo kafin damina. Wanda ba shi da abin biyan magini sai ya bari, wanda ya samu kuɗi kuma sai ya shafe bangon da siminti, simintin ya riƙe danshi a ciki, ƙasar ta ruɓe daga ciki ba a gani ba. Ga ruwan sama ya canza hali. Ambaliyar Satumban 2009 ta rusa gidaje masu ɗimbin yawa a Agadas. Kuma wannan ba matsalarsu ba ce su kaɗai. A watan Agustan 2023 wani ɓangare na babban masallacin Zazzau, aikin Babban Gwani Muhammadu Durugu tun shekarun 1830, ya rufta a kan masallata ana sallar la'asar. A watan Satumban 2024 tsohon masallacin unguwar Birni a Damagaram ya zube bayan ruwa mai ƙarfi. Badalar Kano tana jerin wuraren da Nijeriya ke neman a sa cikin gadon duniya tun 2007, alhali kowa ya ga yadda ake cinye ta da gine-gine.

Akwai wani ƙaramin misali a arewacin Agadas da ya kamata a duba. A Dabus, kan hanyar Arlit, akwai hoton raƙuman dawa guda biyu da mutanen da suka sassaƙa a kan dutse dubban shekaru da suka wuce, babban ya haura mita 5. Da aka ga masu zuwa kallo suna taka shi suna ɓata shi, sai a 1999 masana suka ɗauki siffarsa domin ajiya, aka kuma haƙa rijiya kusa da wurin domin wasu iyalan Abzinawa su zauna, su zama masu gadi kuma masu nuna wa baƙi. Hikimar a nan ita ce rijiyar. Ranar da baƙo bai zo ba, rijiya tana nan tana shayar da awaki, mai gadi yana da dalilin zama.

DARASI GARE MU

Daga wannan tarihi ni dai abu uku na fahimta game da yawon buɗe ido mai ɗorewa. Na farko, a fara da mai gida kafin baƙo. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Duk kuɗin da za a karɓa a ƙofar gidan tarihi, ko daga otal, ko daga mai ɗaukar fim, a ware wani kaso sananne wanda zai tafi ga yaɓen gidajen unguwar, a kuma bayyana wa mutanen unguwar nawa aka samu. Kakanninsu da suka naɗa Sarkin Turawa sun riga mu sanin wannan.

Na biyu, a raya magini. Ginin ƙasa ba ya rayuwa sai da hannun da ya iya shi, kuma idan tsofaffin magina suka ƙare ba su koya wa yara ba, ko an zubo miliyoyi daga waje babu wanda zai hau hasumiya. Yaron da zai koyi kwaɓa ƙasa da ɗaura azara yana bukatar ya ga sana'ar tana ciyar da mai ita.

Na uku, kada a dogara da baƙo iri ɗaya. Baturen da ke zuwa daga Paris gargaɗi ɗaya daga ma'aikatar harkokin wajen ƙasarsa ya isa ya hana shi tasowa. Amma ɗan Maraɗi, ɗan Katsina, ɗalibar jami'a daga Kano ko Sakkwato, waɗannan harshensu ɗaya da mai masaukinsu, abincinsu ɗaya, kuma tarihin nasu ne. Ba za su kashe abin da bature ke kashewa a rana ba, amma sun fi shi yawa nesa ba kusa ba. Daga Kano zuwa Agadas bai kai nisan Kano zuwa Ikko ba, to mu nawa ne muka taɓa tunanin zuwa ganin garin da Shehu ya yi karatu? Kai, mu nawa ne a cikin Kano muka taɓa shiga Gidan Makama, ko muka hau Dala ba don an kawo mana baƙo ba? Na san hanya ba ta da cikakken tsaro a yanzu, kuma ba na ce kowa ya jefa kansa cikin haɗari ba. Amma a fara da na kusa: Gobarau a Katsina, rijiyar Kusugu a Daura, marinar Ƙofar Mata, Birnin Damagaram. A kai 'yan makaranta, a biya kuɗin shiga ba tare da ƙorafi ba, a sayi abin da mai sana'ar wurin ya yi da hannunsa.

Marubutanmu ma suna da nasu aikin. Littattafanmu nawa ne jaruminsu ke tashi zuwa Dubai ko Landan hutun amarci, guda nawa ne kuma suka kai mu lungunan Agadas ko kan badala? Abin da mutum ya karanta ya so shi, shi yake marmarin gani, kuma abin da ya gani da idonsa ba ya yarda a rushe shi yana kallo.

Allah Ya zaunar da ƙasashenmu lafiya, Ya dawo wa mutanen Abzin da kasuwarsu, Ya ba mu ikon riƙe abin da magabata suka bar mana. Sai mun haɗu a rubutu na gaba. Wassalam.